Ɗahiru Bai Gudu Ba

Zuwa ga Abu Nawwaf, mai kamfanin da ke kai masu hutu yawo a kan dabbab a tsibirin kudu, can wajen Jizan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke ci a ƙarƙashinka.

Ranka ya daɗe, sunana Saude Isyaku, a unguwar Nuzla ta Jidda an fi sanina da Ummu Hanan. Waina nake soyawa a ƙofar gidan da muke haya. Ba ka san ni ba, amma ka san mijina. A al'adarmu mace ba ta kama sunan mijinta, kuma shekara ashirin da aurenmu ban taɓa faɗinsa a gaban mutane ba. Yau dole ta sa zan faɗa: Ɗahiru Adamu, mutumin Ringim, wanda ku kuke kira Tahir. Kai ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa ya samu takardar zama da aiki.

Da Hausa na rubuto, don da ita na iya faɗin abin da ke cikina. 'Yata Hanan za ta juya maka ita da Larabci. Na kuma ba dattawanmu na Nuzla da Mahjar da Kurayyat kowa tasa, saboda sau uku ina zuwa ofishinka ban samu ganinka ba, kuma maganar ta riga ta zama ta mutane tun kafin in buɗe baki.

Na ɗaya. Ina so in tuna maka ko wane ne shi a wurinku. A Ubhur, bakin tekun Jidda, ka gan shi, yana ba da hayar dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, ranakun Alhamis da Juma'a. Kai da kanka ka ce masa za ka buɗe aiki a tsibiri, kana neman mutum mai natsuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi maka. Hanyoyin da baƙinku ke bi har yau, shi ya fitar da su. Da ƙafa ya zaga tsibirin tare da masunta, yana aza duwatsu yana shafa musu farin fenti. Shi ke shiga gaba da jar tuta a bayan babur ɗinsa, baƙi na biye a jere. Ya san inda barewa ke fitowa da safe, ya san inda zai tsaya su ɗauki hoton itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ya san inda yashi ke haɗiye taya. A duk shekarun nan ko ɗan yatsan baƙo bai taɓa karyewa a hannunsa ba, kuma kai ma ka sha faɗa.

Sai ya yi mako shida kafin ya zo gida ya yi kwana biyar. Yakan dawo fatar wuyansa duk ta saɓule saboda rana da gishiri, da busasshen kifi a kwali, da hotuna. Turawa, iyalai daga Riyad, ango da amarya, kowa ya dafa kafaɗarsa yana dariya. A cikin hotunan akwai wanda kuka ɗauka tare, kai kana kan dabbab, shi yana tsaye yana riƙe maka hular kwano. Yana nan wurina.

Na biyu. Ya yi gargaɗi. Ranar Arfa, shekara guda bayan ambaliyar da ta ci unguwar Kuwaiza, ya kira ni a waya. Ita ce magana ta ƙarshe tsakaninmu. Ya tambayi yara, ya ce in ajiye masa rabonsa na naman layya. Sannan ya ce, "Maman Hanan, ki sa ni a addu'a. Hanyar nan ta bakin dutse ta tsage, teku ya cinye ƙarƙashinta. Sau biyu ina gaya wa mudir a rufe ta." Na ce to me ya ce? Ya ce mudir ya amsa masa da cewa baƙi don wannan wurin suke zuwa, a bari sai bayan hutun salla. Mudirin da nake nufi shi ne wanda ka ɗora a kan aikin tsibiri, ka fi ni sanin sunansa.

Na uku. Abin da ya faru rana ta uku ga salla. Ba na wurin. Na ji shi ne daga bakin Usman, makanikinku, ɗan Hausawan Sudan, wanda ya yi shekara bakwai yana kwana ɗaki ɗaya da mijina.

Da hantsi Ɗahiru ya fita da baƙi takwas. Da suka kusa bakin dutsen sai ya ɗaga hannu ya tsayar da su, ya ce kowa ya kashe injinsa, shi zai fara dubawa. Ya tafi shi kaɗai a hankali. Ƙasar ta ɓalle da shi. Ya faɗa kan duwatsun da ke ƙasa, babur ɗin ya biyo shi ya danne masa ƙirji da ƙafafu. Wani daga cikin baƙin ya kira sansani, mudir da Usman suka zo a motar ɗaukar kaya, wadda ita kaɗai ce motar da kuke da ita a can. Mudir ya leƙa, ya ga yana motsi, sai ya ce a fara kwashe baƙi a mayar da su, kada hankalinsu ya tashi. Usman ya roƙe shi ya bar ko da igiya da mutum biyu. Mudir ya ce yanzu zai dawo.

Usman ya gangara shi kaɗai. Bai iya ɗaga babur ɗin ba. Ya cire rigarsa ya yi masa inuwa, yana ɗiga masa ruwa a baki. Daga hantsi har bayan azahar mijina yana da rai, yana magana. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji ciwo cikin baƙin, Usman ya ce babu, ya ce alhamdu lillahi. Ya ce a gaya mini in riƙe yara. Ya yi kalmar shahada har muryarsa ta daina fita. Motar ba ta dawo ba sai dab da la'asar, ta tarar ya cika.

Suka naɗe shi a tamfol suka sa a bayan mota. Mudir ya ja da direba ɗaya, ya ce Usman ya zauna ya tattara babura. Iyakar abin da Usman ya gani ke nan. Washegari aka sa shi a jirgin ruwa, kafin mako ya zagayo an sallame shi zuwa Sudan.

Na huɗu. Kwana tara babu wanda ya gaya mini. Ina kiran wayarsa tana shiga ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga. Na ce wa kaina aikin salla ne ya yi yawa. Na soya namansa na zuba a gwangwani, na hana yara taɓawa. A rana ta tara ina gaban tanda da safe, mutane na jiran waina, sai ga lambar Sudan. Usman ne yana kuka. Ya ce, "Yaya Saude, ki yi haƙuri, ban samu waya ba sai yau. Ɗahiru ya rasu a hannuna." Maƙwabciyata ce ta karɓi wayar ta ji sauran bayanin, ita ta sauke tandar.

Ranka ya daɗe, lambar wayata tana cikin takardunsa a ofishinka. Shi ya ba ku ita saboda rana irin wannan.

Na biyar. Zuwana ofishinka. Malam Ilyasu, limamin masallacin layinmu, shi ya raka ni duk sau ukun. Zuwan farko aka ce ba ka nan, mu dawo gobe. Zuwa na biyu wani ma'aikaci ya juyo mana da fuskar kwamfuta, ya nuna da alƙalami, ya ce Tahir hurub ne. Na tambayi Malam me yake nufi, ko da yake na sani. Wato kamfaninka ya kai rahoto cewa mijina ya gudu daga wurin kafilinsa, ba a san inda yake ba. Malam ya duba ranar da aka shigar da rahoton, kwana biyu ne bayan rasuwarsa. Zuwa na uku mai gadi ya tare mu a ƙofa, ya ce halas, maganar ta ƙare, sannan ya dube ni ya ce ina iƙamata, wato takardar izinin zama.

Ba ni da ita. Umra muka zo tare muka zauna, shi Allah ya ba shi takarda ta hannunka, ni ban samu ba. Na san abin da wannan wasiƙa za ta iya jawo mini. Na yi wata goma sha huɗu ina shiru saboda wannan tsoron, kuma shirun bai amfana mini komai ba.

Na shida. Abin da kalmar nan ta hurub ta yi wa gidana. Na shiga takaba a kan shaidar Usman, don Malam Ilyasu ya san shi, ya ce mutum ne mai gaskiya. Amma labarin abin da aka gani a kwamfuta ya zaga unguwa. Wata ta ce an gan shi a Jizan da sabuwar mata. Wata ta ce Yaman ya tsallaka. Ina zaune da kayan takaba, mata na shigowa gaisuwa, ina ganin yadda wasunsu ke kallon juna. Akwai wadda ta ce mini a fuska in yi hattara, kada in yi wa mai rai takaba. Mutumin da ya tsayar da mutum takwas ya shiga gaba shi kaɗai, shi ne yau ake cewa ya tsere ya bar iyalinsa.

Ƙaramar 'yata Rukayya, mai shekara goma sha ɗaya, ta daina fita layi, don 'yan'uwanta yara suna tambayarta ina babanta ya tafi. Hanan kuma an zo neman aurenta daga wani gidan mutunci a Mahjar, tana so, muna so. Da aka zo maganar waliyyi sai dattawan suka tsaya. Suka ce in uba ya rasu, ƙanensa da ke Makka zai ba da ita, in kuwa yana raye ba za su tsallake shi ba, to wanne ne? Wata biyar ke nan magana tana rataye.

Na bakwai, kuma shi ya fi yi mini nauyi. Mahaifiyarsa tana raye a Ringim. Iya ta tsufa, idonta ya tafi, shi ne ɗanta na fari. Mun gaya mata ya rasu. Ta ce wa ya yi masa wanka? Muka ce ba mu sani ba. Wa ya sallace shi? A ina aka sa shi? Ba mu sani ba. Sai wani da ya koma gida ya kai mata ɗaya labarin. Tun daga ranar ta ƙi karɓar gaisuwa, ta hana a yi masa sadaka. Duk Juma'a jikanta yana kira mini ita. Juma'ar da ta wuce ta ce, "Saude, in ya kira ki, ki ce masa in wani laifi na yi masa ya yafe mini. Ba sai ya aiko da komai ba, muryarsa kawai nake so in ji."

Ni ma tambayoyin Iya su ne nawa. Ban sani ba ko an binne shi a tsibirin, ko an haye da shi, ko yana kwance a wani wuri an rubuta masa ba a san mai shi ba. Ban sani ba ko an fuskantar da shi alƙibla.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, don girman Allah.

Ka janye rahoton gudun nan, ka rubuta da hannunka cewa Ɗahiru Adamu ya rasu a bakin aikinka, a ba Malam Ilyasu takardar ya karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Ka kira mudirinka da direban da suka tafi da shi, ka tambaye su inda suka kai shi. In akwai kabari, a nuna wa Malam da ƙanensa. Ni ba zan iya tafiya ba saboda shingayen binciken takardu da ke hanya, amma in wani namu ya tsaya a kansa ya yi addu'a ya dawo ya ce na gani, ya ishe ni. In ba a sallace shi ba, a faɗa mana gaskiya mu san abin yi.

Hanyar bakin dutse kuma, in har yanzu ana bin abin da ya rage nata, ka rufe ta. Wanda ya gaje shi a aikin yana da masu jiransa a gida. Ka kuma ajiye mota ta biyu a tsibirin.

Na ƙarshe, ka yarda a haɗa ka da Iya a waya, Malam zai yi tafinta. Mu ta daina yarda da mu. Kai ne wanda ya yi wa aiki, in ta ji daga bakinka za ta karɓa, ta yi kukanta, ta yi masa addu'a irin wadda ake yi wa mamaci tun tana da sauran kwana.

Mai yiwuwa ba ka san duk wannan ba, mai yiwuwa abin da aka gaya maka daban ne. Ɗahiru bai taɓa kawo mini ƙararka ba, kullum cewa yake Abu Nawwaf mutum ne mai jin magana in ta kai kunnensa. To yau ta kai.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare dukiyarka da 'ya'yanka, ya kiyaye duk wanda zai hau babur a tsibirin nan, baƙo da ma'aikaci. Ranar da taka ta zo, Allah ya sa kana cikin iyalinka, su yi maka wanka da hannunsu, su raka ka, su san inda za su je su yi maka addu'a.

Wassalam.

Saude Isyaku (Ummu Hanan),
matar marigayi Ɗahiru Adamu,
Nuzla, Jidda.