Ƙugiyar Malam Sabi'u

Litinin, 10 ga Janairu, 2000

Azumi ya wuce, an yi Sallah, Malam Sabi'u ya mayar da ƙugiyarsa aljihu. Gara haka, don ganinsa da wayar nan tausayi yake ba ni. Kowane masaƙi a kamfaninmu da baki yake jawo zare ta hudar ƙoshiyar saƙa: ka sa sabon kwarkwaron zare, ka ɗora leɓe, ka zuƙa, shi ke nan. Shi kuwa duk watan azumi sai ya lanƙwasa 'yar waya yana ta lalube, wai kada ƙurar auduga ta wuce masa maƙogwaro.

Injunanmu ɗaya tun zamanin soja, shi safe ni rana. Kafin ya tashi yakan shirya min ƙoshiyoyi da zarensu, ni ma in zan tashi in shirya masa na gobe. Ba dokar kamfani ba ce, mu muka saba. Yau na tarar da jan goro raɗau a bakin hudar. Na nuna masa na yamutsa fuska. Ƙarar injuna ba ta barin a ji magana, sai dai a karanta leɓe. Ya ce, "Mai Rana, sha, magani ne." Na ce Mai Safe, Allah ya shirye ka.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Gari sai gunaguni a kan maganar shari'a. Mun yi zaɓe mun ce farar hula za ta kawo sauƙi, ga shi kowa na kallon kowa da gefen ido. Judith matata ta ce in daina bi ta layin su Malam in zan dawo. A unguwar Television ɗin da muka tsufa tare? Dariya na yi mata.

Alhamis, 24 ga Fabrairu

Rikici ya ɓarke. Muna bariki tun Litinin, ni da Judith da yara. Hayaƙi ko'ina. Ba zan iya rubuta abin da na gani ba.

Lahadi, 27 ga Fabrairu

Samuel ƙanen Judith ya tafi kasuwa a ƙetaren gada ranar Litinin, bai dawo ba. Jiya muka gano shi a mutuware. Da takalminsa na fara gane shi. Judith ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Da muka koma gida na leƙa layin su Malam. Bango kaɗai ya rage, baƙi ƙirin. Babu wanda ya san inda suka yi, ko kuma babu mai son faɗa.

Litinin, 6 ga Maris

An buɗe kamfani. Injunanmu a kashe na same su, safe babu kowa. Duk da haka da zan tashi na shirya ƙoshiyoyin. Oga Ernest mai kula da layinmu ya tsaya yana kallona.

Laraba, 8 ga Maris

Malam yana da rai! Oga Ernest ne ya gaya min. Suna ƙetaren gada, a Unguwar Sanusi gidan wansa. Amma Inna, tsohuwarsa, ba ta fita daga wutar ba, ƙafafunta sun daɗe ba sa ɗaukarta. Innar da take ajiye min fura in na raka shi gida. Na shiga bayi na kulle, na daɗe ban fito ba.

Da na gaya wa Judith sai ta ce, "Baban Jessica, in ya dawo haka za ka ci gaba da sa bakinka inda ya sa nasa?" Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ba Malam ne ya kashe Samuel ba. Ta ce ta sani. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Litinin, 20 ga Maris

Ya dawo. Na zo da wuri, na hango shi tun daga ƙofa, ya rame, riga na yawo a jikinsa. Na riƙe hannunsa na yi masa gaisuwar Inna, shi ma ya yi min ta Samuel. Ya ce, "Na gode, Malam Shekari." Malam Shekari? Tun yaushe?

Da ƙugiya yake jawo zare. Amma yau Litinin ce, na san wani lokaci yana azumin Litinin da Alhamis. Wataƙila don Inna yake yi.

Talata, 21 ga Maris

Yau ma ƙugiya. Na ga yana cin goro.

Asabar, 1 ga Afrilu

Bai fasa shirya min ƙoshiyoyin ba, tsaf, ba abin da za ka kushe. Sai dai hudar a bushe take, fes. Ban taɓa zaton zan yi kewar yawun wani ƙato ba. In Judith ta ji wannan sai ta ce na haukace.

Na kai masa goro, manya farare irin waɗanda yake so. Ya karɓa da hannu biyu kamar na baƙo.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Oga Ernest da bakinsa da ba ya riƙe magana. Wai in daina wahalar da kaina, kowace safiya Malam yakan zare zaren da na jawo masa, ya goge ƙoshiyar da tsumma, sannan ya sake jawowa da waya. Ya faɗa yana dariya, da ya ga fuskata ya yi gaba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar injuna suna gudu na bi Malam har bakin get, inda ake jin magana. Na ce, "Mai Safe, me na yi maka?"

Ya ce, "Wallahi ba ka yi min komai ba." Na ce to mene ne? Ya ce waɗanda suka zo gidansa da sunansa suka kira shi, wasu a gabansa aka haife su. Ya ce, "Na gwada, Shekari. Ranar da na dawo na ɗauki ƙoshiyar na kai baki. Bakin ne ya ƙi." Sai ya ce in yafe masa, ya tsallaka titi don ya samu motar ƙetare tun da sauran rana.

Da ma zagina ya yi, da na san abin da zan mayar masa. Zuciyata ta karye.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Ista. Fasto ya yi wa'azi a kan gafara. Na rasa wa zan gafarta wa, ba wanda ya yi min laifi a cikin waɗanda na sani.

Ina nan ina shirya masa ƙoshiyoyin. Ya zare in ya ga dama.

Juma'a, 26 ga Mayu

An sake yin rikici a farkon makon nan, ko da bai kai na Fabrairu ba. Malam ya ajiye aiki. Iyalinsa sun ce ba zai ƙara tsallaka gada ba. Bai jira lokacin canjin aiki ba, a bakin Oga Ernest ya bar min sallama.

Litinin, 5 ga Yuni

An sa wani a safe, mutumin Zariya, mai fara'a. Da alama an ba shi labarin yadda muke yi, don da na iso ya ɗauki ƙoshiya ta ƙarshe, ya zuƙo zaren a gabana, ya miƙo min yana murmushi. Na karɓa na yi godiya.

Da zaren ya ƙare na sa sabon kwarkwaro, sai na ga na goge hudar da gefen rigata kafin in kai baki. Ƙura ce, wurin nan kullum cikin ƙura yake. Ina jin bai riga ya fita ba, yana tsaye yana sa takalmi. Ban ɗaga kai ba.

Ban tambayi sunansa ba. Gobe, in na tuna.