Ƙoƙon ya fara daga bencin baya

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kana lafiya, kai da matarka da yaran. Kullum muna sa ku a addu'a, Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikin hannunka. Mu nan lafiya lau. Inna tana fama da gwiwarta kamar yadda ka sani, amma bakinta garau yake. Jikin Baba kuma da sauƙi: hannun dama dai har yanzu bai dawo ba tun da ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ma da nauyi, sai dai yana cin abinci, yana yi mana faɗa, mu kuwa faɗan nan daɗi yake mana.

Ka tambaya ko da gaske ne ikilisiyarmu za ta rabu biyu. Da gaske ne ta kusa, kuma ban gaya maka a waya ba don kada ka kasa barci a banza. Ka tuna yadda majami'ar take: tsohon gini a gaba, mai ƙofa da matakala, sai ƙarin ginin da aka yi a baya, wanda ya fi ƙasa, ƙofarsa daidai da hanya. Tun muna yara mu 'yan cikin gari gaba muke shiga, masu jima kuma da iyalansu baya, wai saboda warin fata. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan doka, amma ba wanda ya taɓa karya ta. To, kwanakin baya 'yar Dogo majemi, yarinya mai hankali da ta gama makarantar koyon jinya, ta shigo da ƙawarta ta zauna a gaba. Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ta sa aka tashe ta ana tsakiyar waƙa. Yarinyar ta fita tana kuka. Daga nan Dogo, wanda shi ne babba a cikinsu, ya sami fasto ya ce sun gaji, sun riga sun tanadi kwanon rufi, za su kafa rumfa a unguwarsu su yi sujadarsu. Ya ce za su zo su ci Jibin Ubangiji tare da mu sau ɗaya na sallama, shi ke nan. Fasto ya yi wa'azi, ya bi gida gida, har muryarsa ta dushe, ba wanda ya motsa.

Ana cikin haka Baba ya ce shi ma zai je wannan Jibi. Ka san tun da ya kwanta bai taka majami'a ba. Fasto ya ce zai kawo masa gida, Baba ya ce ai bai mutu ba tukuna. Ranar Lahadi na tura shi a keken guragu har gindin matakala, samari suka taso za su ɗaga shi, ya ce ba mai ɗaukarsa kamar buhu a gaban jama'a. Muka tsaya cirko-cirko, an fara waƙar buɗewa, rana tana dukanmu. Ni kuwa ka san ni, ba ni da dogon haƙuri. Ban yi shawara da kowa ba, na juya keken na zagaya da shi ƙofar baya. Yana ta gunaguni yana tambayata ina zan kai shi, na ce masa wurin Ubangiji zan kai shi, ta ƙofar da keke ke iya shiga. Da muka shiga babu halin wucewa gaba saboda tudun da ya raba ginin biyu, dole na ajiye shi a ƙarshen bencin baya, kafaɗa da kafaɗa da Dogo. Baba fa, dattijon da ya yi shekara da shekaru a bencin farko. Ya haɗe rai, Dogo ma ya haɗe rai, ni ina tsaye a bayansu ina tsoron abin da zai biyo baya.

Ga abin da ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Ka san yadda muke yi da ƙoƙo: dattijon da ya fi kowa shekaru shi ake fara ba, shi kuma ya miƙa wa na kusa da shi, a yi ta miƙawa hannu da hannu har ya zagaye kowa. Da yake Baba a gaba yake zama kullum, daga gaba ƙoƙon ke farawa, masu jima su sha a ƙarshe, ba wanda ke sha a bayansu. Ran nan bayan an raba gurasa, fasto ya ɗauki ƙoƙon, ya dubi wurin zaman Baba a gaba ya ga wayam, ya ɗaga kai ya hango mu. Ya ɗan tsaya. Sai kawai ya sauko, ya ratsa tsakiyar jama'a, ya sauka tudun nan, ya zo har bencin baya. Kowa ya waiwayo.

Baba ya miƙa hannun hagu, hannun yana rawa, da ya karɓa da ya zubar. Na sunkuya zan taimaka, ya girgiza mini kai. Ya juya ya dubi Dogo, da harshensa mai nauyi ya kira shi ɗan'uwa, ya roƙe shi ya riƙe masa. Auta, na ga Dogo ya goge hannuwansa a riga har sau biyu, hannuwan nan da jima ta rine su, sannan ya tallabi ƙoƙon ya kai bakin mahaifinmu, ɗaya hannun yana tare masa haɓa kamar yadda ake yi wa jinjiri. Baba ya sha, Dogo ya sha, ya miƙa wa matarsa. Ni dai hawaye nake yi, ban ma ɓoye ba.

Amma tsorona bai ƙare ba, don yanzu ƙoƙon daga baya yake tafiya gaba. Ya bi ta hannun masu jima kaf, ya iso bakin tudu. Na ce a raina idan mutum ɗaya na gaba ya kau da kai, magana ta ƙare. Tela ne a bencin ƙarshe na mutanen gaba, ya karɓa ya sha ba tare da wani jinkiri ba. Malamar makaranta ta sha, mai kantin magani ya sha, haka ya yi ta hawa benci benci, har ya kai ga mutum ta ƙarshe a bencin farko, wato Gwaggo. Ina hango ta, ta riga ta zaro hankicinta don ta goge bakin ƙoƙon. Ta riƙe shi ta daɗe. Sai ta waiwaya ta dubi yayanta can baya, ta mayar da hankicin cikin jaka, ta sha, ta shanye ɗan abin da ya rage. Ban san wanda ya ɗauko waƙa ba, na dai ji ta taso daga baya, gaba ta amsa, Inna har da guɗa, duk da ciwon gwiwar tata.

Da aka tashi, Gwaggo ta fita ta ƙofar baya, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Ta nemi 'yar Dogo ta kama hannunta. Ka san Gwaggo da neman gafara sai a hankali, abin da ta iya cewa shi ne yarinyar ta zo ta duba mata hawan jini, kuma Lahadi mai zuwa ta zauna kusa da ita don idonta ba ya ganin ƙananan rubutu na littafin waƙa. Yarinyar ta yi dariya ta ce to. Dogo kuwa ya sami fasto ya ce ba za su tafi ba, kwanon da suka tanada a yi rumfa da shi a ƙofar baya, saboda rana tana damun tsofaffi. An riga an kafa, ni na kai wa masu aikin ruwa.

Ba zan ce maka komai ya gyaru ba, akwai gida biyu da har yanzu suke cika suna batsewa, muna yi musu addu'a. Amma ikilisiyarmu ɗaya ce, kuma na gode wa Allah da ya bar Baba ya ga haka da idonsa. Kafinta ya zo gida ya ce zai yi gangara a ƙofar gaba don keken ya riƙa shiga. Baba ya ce ya yi don wasu, shi kam ya sami wurin zama da mai riƙe masa ƙoƙo, ba inda za shi.

Inna tana gaishe ku, ta ce a turo mata hoton jaririn. Baba ya sa muku albarka. Gwaggo, Kawu da matarsa, maigidana da 'ya'yanka na nan duk suna gaisuwa. Ka gaishe mini da amaryarmu, ka shafa mini kan yaran. In Allah ya kawo ka gida, kada ka ɓata lokaci kana neman Baba a gaba. Ka zagayo ta baya, kuma ka zo da wuri, don yanzu bencin nan shi ke fara cika.

Taka har kullum cikin Ubangiji,
Yayarka