Hotunan "Tsare Gona" da Rubutun da Aka Yanke

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar matasan da ta fitar da wasan waya mai suna "Tsare Gona", Shinkafi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da jama'arka.

Ranka ya daɗe, ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare nan Ƙauran Namoda. Na aika maka saƙo ta hannun sakatarenka, na kira wayarka, ban samu amsarka ba. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na farko, asalin hotunan. Lokacin da aka fara Shari'a, yayana ya rufe shagonsa na gem, wato wasan bidiyo, ya koma sayar da hatsi a Moriki. Kaset-kaset ɗin gem ɗin suka zauna cikin kwali a ɗakinmu. Bayan shekaru na koyi ciro hotunan da ke cikinsu: ɗan mutum mai gudu, tsuntsaye, itatuwa. Kowane motsi hoto ne daban, sai an tsince shi an share gefensa. Hutu guda na ƙarar a kai. Na ƙara rumbu da zangarniyar gero da raƙumi, waɗannan ni na zana. Da na sa su a zauren intanet na masu koyon haɗa gem, na rubuta a ƙasa cewa zanen asali na kamfanin gem ɗin ne, cirowa aikina ne, mai ɗauka ya ambaci haka, kuma ya tambaye ni kafin ya taɓa nawa zanen.

Na biyu, kun ɗauki duka, kun yanke wannan rubutun, kuka sa a ƙarshen wasan cewa ƙungiyarku ce ta zana. Wasan ya yi kyau. Da an tambaye ni, da na yarda.

Na uku, abin da ya jawo mini. Ranar da na nuna aikina a aji, wata ɗalibata 'yar Zurmi ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce ta san raƙumin nan, ta gan shi a wayar kawunta, na 'yan Shinkafi ne. Magana ta kai ga shugaban makaranta, ya cire aikin daga baje kolin ƙarshen shekara har sai an san mai shi. Ni ke hana yaran nan kwafar aikin juna. Yanzu in na faɗa, sai su sunkuyar da kai.

Sakatarenka ya ce abin da aka ciro daga gem ba shi da mai shi, ni ma ɗauka na yi. Na ɗauka, amma na faɗi inda na ɗauko. A gidan malamai na tashi, inda ko baiti guda ba a kawowa sai an ce daga wane aka ji.

Ba na neman a janye wasan. Ina roƙon a maida rubutun nan, sunan kamfanin a sama, nawa a ƙasa. Sannan ka aiko wa makarantarmu bayani da sa hannunka. Zan so yarinyar ta karanta shi gaban 'yan ajinsu, don ba ƙarya ta yi ba, abin da aka nuna mata ta faɗa.

Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a aikin ƙungiyarku.

Wassalam.

Malam Sanusi, Ƙauran Namoda.