Jirgin Ruwan da Maigidana Bai Shiga Ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da duk masu karanta wannan shafi. Ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni matar aure ce a Bodinga, kuma da hannuna na rubuta wannan takarda, don na ɗan yi ajin koyon karatu na mata, in kun ga layi ya karkace ku yi haƙuri. Don girman Allah kada a nemi sanin sunana, kuma kada kowa ya yi saurin cewa tir da ni sai ya kai ƙarshe. Tir ɗin da na yi wa kaina a watannin nan ya ishi mata goma.

Maigidana kuku ne, ko in ce dā kuku ne. Shekara goma sha ɗaya yana dafa wa wani Bature mai duba rijiyoyi abinci a Sakkwato, ran Alhamis ya hawo kekensa ya zo gida, Asabar da sassafe ya koma. 'Ya'yanmu uku a lokacin, ga na huɗu a ciki. Bara, bayan an gama kaka, ya shigo gida bakinsa har kunne, wai Baturen zai yi dogon hutu, za su je Ikko su shiga jirgin ruwa shi da uwargidansa da yaransu biyu, su yi ta yawo a teku suna tsayawa gari gari, wata uku cur. Yaran kuwa ba su cin abincin kowa sai nasa, saboda haka da shi za a tafi. Ya zauna a tsakar gida yana ta zuba, yara sun kewaye shi, ni kuwa ina tankaɗe ina ƙirga watanni a zuci. Cikina wata bakwai. Ko sau ɗaya bai dubi cikin nan ya ce, to ke fa? Ba zan yi muku ƙarya ba, tsoro na ji, don ƙanena a tafki ya mutu muna yara, har yau ba na son ganin ruwan da ya wuce gwiwa. Amma ba tsoro kaɗai ba ne, har da haushi. Shi ya tafi shan iskar duniya, ni in zauna da nakuda da yara uku?

Na roƙe shi. Na ce, "Malam, ka bari har in sauka mana." Ya yi dariya ya ce, "Jirgi na jiran haihuwa? Ga Inna nan, ga yayanki Shagari. Mi za ni ƙara maki in ina nan, ni ungozoma na?" Wannan dariyar ita ta tsaya mini a wuya.

To ga abin da na aikata. Matar Baturen, wadda muke kira Uwargida, takan biyo mijinta in ya zo rangadi Bodinga, ta shiga gidaje tana duba jarirai tana koya mana ɗinki. Tana jin Hausa daidai gwargwado. Saura mako biyu tafiya ta shigo gidanmu, ta taɓa cikina, ta ce kuku zai kawo mini tsaraba mai kyau. Ban shirya maganar ba, wallahi, fitowa kawai ta yi. Na sunkuyar da kai na ce mata ina jin tsoron iskar teku ta taɓa shi, don yana tari, wani lokaci har da jini. Tari kam yana ɗan yi, na hayaƙin murhu, amma jini ko ɗigo ban taɓa gani ba. Ni a tunanina za ta ce, ayya, to ya zauna gida ya huta mu je mu dawo. Haka ake yi a wajenmu, in mutum ba shi da lafiya a ce ya kwanta, a aiko masa da kunu. Ina zan san cewa a wajen Turawa tari da jini a bakin mai dafa abincin yara ba abin ayya ba ne? Ta dube ni, ta janye hannunta daga jikina, ta yi sallama ta fita.

Kwanaki suka wuce ban ji komai ba, sai na ɗauka maganata ta bi iska. Ranar tafiya aka yi masa rakiyar da ban taɓa ganin an yi wa wani a unguwarmu ba in ba mai zuwa Makka ba. An soya waina ta sadaka, liman ya yi addu'a a ƙofar gida, tsofaffi suna ba shi laya ta tsarin ruwa, yara suka bi motar da ya hau da gudu har bayan gari. Na koma ɗaki na yi kuka na tuba, na ce Allah na gode da ƙaryata ba ta ci ba. Wata uku ina yi masa addu'a bayan kowace salla, Allah Ya kwantar masa da teku. A cikin haka na haihu, 'ya mace, haihuwar da ta kusa tafiya da ni, kwana biyu ina abu ɗaya. Yayana ya zo daga Shagari da rago, shi ya tsaya a madadin uba, shi ya raɗa mata suna. Ya leƙo ɗakin jego ya ce, "An samu labarin mutanen jirgi?" Na ce a'a, Yaya, sai dai addu'a. Ya ce, "Su na nan lahiya, in Allah Ya so."

Da wata uku suka cika sai ga Maigida, ya yi baƙi ya rame, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce ranar teku ce da jan igiyar jirgi, wai yakan taya ma'aikata don nishaɗi. Ya ce Baturen ya zarce ƙasarsu daga can, aiki ya ƙare, zai huta kafin ya nemi wani. Ya kawo gwangwanin biskit da wani ƙaton kwanson dodon koɗi mai ruwan hoda. Labari kuwa sai wanda ya gaji da ji. Jirgi hawa biyar, ana kaɗa ƙararrawa kafin a ci abinci, Turawa kwance a kujeru suna gasa jikinsu a rana, kifaye masu girman jaki suna tsalle suna bin jirgi. Zaurenmu ya zama wurin hira, har aka sa masa suna Na-Jirgi. Ni ma da ba na son ruwa nakan tsaya a bayan zana ina saurare, ina jin daɗi a raina wai mijina ya ga abin da ko hakimi bai gani ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukar abin shi ne ɗan farina, shekararsa goma. Kun san tsakanin uwa da ɗan fari, ba na kiran sunansa, ba ma doguwar magana, amma ina kallonsa. Ya haddace labarin nan kamar karatunsa, ya zana jirgi da gawayi a bangon ɗakin girki, yana gaya wa ƙannensa shi ma in ya girma kukun jirgi zai zama. Watan jiya ya dawo daga makarantar allo riga a yage, leɓe a fashe. Ashe da yaron wani mai fataucin albasa suka yi dambe har ɗana ya cire masa haƙori. Yaron ya ce a gaban kowa, ubansa ya ga Na-Jirgi da idonsa a fadamar Lambara, da ɗan bante, yana jan ruwa da jigo yana ba albasa, a daidai watannin da aka ce yana teku. Ɗana bai je wajen ubansa ba, ni ya zo wa. Ya tsaya a bakin ƙofata, yaron da bai taɓa ɗaga ido ya dube ni ba, ya dube ni ya ce, "Inna, Baba ya shiga jirgi koko bai shiga ba? Ke ba ki yi mani ƙarya." Na ce ya je ya wanke bakinsa tukuna.

Lambara kuwa kusa da Shagari take, a can yayana yake da garkar albasa. Washegari na ce zan kai jaririya ta ga dangi, na nufi Shagari. Ban ko sha ruwa ba na tare shi a zaure. Ya yi ta murza gemu, sannan ya ce, "Zamna, ƙanwata. Mi kika so in yi? Mutum ya zo ƙohwar gidana da akwati bisa kai, idanu jajur, in kore shi?" Ya ba ni labari tiryan tiryan. Ranar da aka yi wa Maigida rakiyar nan, yana isa Sakkwato Baturen ya tsayar da shi a bakin baranda, ko madafa ba a bar shi ya shiga ba. Aka ce an samu labari yana tarin jini, ba za a sa yara a hatsari ba. Ya rantse, ya ce a kai shi wajen likita, aka ce mota na jira, ba lokaci. Aka miƙo masa takardar sallama, a cikinta aka rubuta ciwon, shi ya sa duk gidan Turawan da ya je neman aiki yanzu, ana karantawa ake nuna masa hanya. Da wane ido zai koma Bodinga da la'asar, mutumin da liman ya yi wa addu'a da hantsi? Sai ya hau motar kaya mai zuwa Shagari. Hanyar kuwa ta tsakiyar garinmu ta bi, ya kwanta a cikin buhuna ya ja tamfol ya rufe kansa har suka wuce.

Na ce, "Yaya, ranar da nih haihu fa?" Ya ce an kai masa labari yana cikin garka, ya zauna a bakin rijiya ya yi kuka kamar yaro. Ragon suna shi ya saya, sunan ma shi ya zaɓa ya ba Yaya ya kawo. Wai Yaya yana gaya mini haka don zuciyata ta yi sanyi. Sanyi? Jama'a, ina tsakanin rai da mutuwa, mijina yana tafiyar da ba ta kai yini ba, ya zaɓi a ci gaba da ce masa yana teku da ya zo ya ga ko na rayu. Ni ina ɗaga hannu ina roƙon Allah Ya tsare shi daga igiyar ruwa, shi yana tsaye a kan tudu yana ba albasa ruwa. Kuma yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kalli idona a ɗakin jego ya tambaye ni labarin mutanen jirgi! Matarsa da ta zo ta yi mini wankan jego mako biyu, ita take dafa wa Maigida tuwo a can, ba ta ce uffan ba. Labaran zaure duk daga bakin Baturen Maigida ya tsinto su da wani hoto da ke rataye a ɗakin cin abincinsu, kwanson kuwa a wajen 'yan koli ya saya. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, na tashi zan tafi in zazzage masa duk abin da ke bakina.

Sai Yaya ya ce, "Ki bi shi sannu. Har yau bai san wanda yak kai maganag ga ba. Shina zargin mai lambun gidan, abokinai na shekara ashirin, ya bar gaisawa da shi. Ya dahwa Alƙur'ani gabana ya ce wanda yay yi mai wanga abu bai yahe ba, duniya da lahira." Na koma na zauna. Yaya ya ɗauka jiri ne, ya sa aka kawo mini ruwa.

Yau kwana ashirin da uku ke nan. Ina kai wa Maigida tuwo, ina ce masa sannu da hutawa, yana ce mini yauwa, ina kallonsa ina jin kamar in shaƙe shi, kuma ina jin kamar in faɗi in kama ƙafarsa. Ƙosan da nake soyawa da safe shi ke riƙe da gidan, shi kuma har yanzu in baƙo ya zo sai ya gyara zama ya ɗauko labarin kifaye. Yaron ya daina zama a zaure, ya daina cin sauran tuwon ubansa, abin da dā har faɗa suke yi a kai da ƙannensa. Malamin makaranta ya ce maganar haƙori ba za ta mutu haka ba, da zarar mai albasa ya dawo daga fataucin Kurmi bayan salla, iyaye maza biyu za su zauna a gabansa. Mutumin nan kuwa ba ya tauna magana, abin da ya gani zai faɗa, ga almajirai ga mutanen unguwa.

In na ce wa yaron ubansa ya shiga jirgi, bayan salla zai gane mu biyu ne maƙaryata, ba shi da sauran wanda zai tambaya. In na ce bai shiga ba, zai ce don me, kuma amsar don me ni ce. In na fara zuwa wajen Maigida, ta ina zan fara, ta abin da ya yi mini ko ta abin da na yi masa? Mutumin da ya dafa Alƙur'ani, zai iya ci gaba da cin tuwon hannuna? Ga bawan Allah mai lambu yana ɗauke da laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Malamai da iyaye mata masu karanta wannan shafi, ku taimake ni kafin salla. Kullum da safe in yaron nan ya durƙusa ya gaishe ni, ba ya tashi nan da nan kamar dā, sai ya ɗan jima a wurin yana jira. Don Allah ku gaya mini, me zan yi?