Gwangwanina Mai Fure

Ɗana Hoyt, don girman Allah ka taimake ni, saura wata biyu Ranar Godiya kuma na rasa yadda zan yi. Ba ni ke rubutun nan ba, maƙwabciyata Lorene ce riƙe da biro, ni ina faɗa. Ita ke karanta mini filinka na jarida duk Laraba in mun zauna ɓarar wake. Ka canza sunayenmu don Allah, ko da yake yarana shafin ƙwallo kawai suke dubawa.

Shekaruna saba'in da huɗu. Ba kuka na zo yi maka ba, na gode wa Ubangiji. Ina da kajina goma sha ɗaya, kabewa ta yi bana har na rarraba a coci, 'ya'yana Royce da Wendell suna leƙo ni. Maigidana Delmer ne ya rasu a watan Maris, bai sha wahala ba.

To ga abin. A gidanmu, Ranar Godiya in an gama cin talotalo, kowa sai ya ɗauki gwangwani ya rubuta sunansa, a jera su kan kututture bayan garke, a gindin tudu. Kowa ya harbi nasa. Wanda ya kuskure sau uku shi ke wanke-wanke. Tun zamanin uban Delmer ake haka. Ni kuwa tsoron bindiga nake kamar me. Ina amarya na taɓa harba babbar tasa sau ɗaya, ta doke ni a hannu, kunnena ya kwana biyu yana ƙara. Tun daga nan shi ke harbe mini nawa. Shekara hamsin da ɗaya ban wanke kwanon Ranar Godiya ba, matan yaran har tsokanata suke wai sarauniya. Kuma nawa gwangwanin ba suna, fure yake zana mini. Kowa ya ɗauka soyayya ce. Soyayyar ce, amma kuma ban iya karatu ba ne, ɗana. Aji biyu na yi aka cire ni rainon ƙanne. Delmer ya rufa mini asiri har ya koma. In yara suka miƙo takarda sai in ce na manta tabarau.

Bana Royce ya ce shi zai harbe mini. Ba na so. Wankin kwano bai dame ni ba, amma gwangwanin nan in ba Delmer ba, to sai ni.

Wendell ya ce in ɗauki ta ubansu kawai, me zai sa a kashe kuɗi. Allah ya kiyaye! Lorene ta kai ni shagon bindigogi, mai shagon ya fito da ƙanana biyu, irin masu tulun nan da ke juyawa, wai ƙaramin harsashin nan mai lamba ashirin da biyu suke ci, ba sa dukan hannu. Ɗaya sai ka janyo ɗan ƙahon baya da babban yatsa kafin kowane harbi, ita ce mai araha. Ɗayar kunama kawai za ka ja, amma kuɗinta ya ninka, ni kuwa ɗan fansho ne. Ya sa mata harsashin roba na gwada, na ja na ja ta ƙi, ga sanyin ƙashi ya cinye mini yatsu. Har na ce a ba ni mai arahar, sai ya turo mini takarda mai layi-layi ya ce in cike. Na ce na bar wake a wuta, muka fito. Yanzu Lorene ta ce ita za ta saya da sunanta ta miƙa mini.

Wacce zan ɗauka? Mai arahar ba za ta fashe mini a hannu ba? Takardar fa? Ko dai in haƙura, tsofai-tsofai da ni?

Mai Gwangwanin Fure

*

Mama, Allah ya ji ƙan maigida. Na canza sunayen. Kada ki haƙura.

Wendell yana da gaskiya, ba a ɓarnar kuɗi, amma bindigar da ta tsorata ki kina amarya ba za ta lallashe ki yanzu ba. Ki bar masa ita gado. Royce kuma tausayi ne ya sa shi magana. Ki gode masa, ki ce ya zo ya tsaya a gefenki kawai.

Ki ɗauki mai arahar. Arahar ba ta rashin aminci ba ce, ƙirarta ce mai sauƙi. In kin janyo ƙahon, kunamar takan yi laushi, taɓawa kaɗan ta isa. In babban yatsan dama ya ƙi, ki janyo da na hagu, ai da hannu biyu za ki riƙe. Aibinta ɗaya, ɗura harsashi ɗaiɗai ne a hankali, ke kuwa ba sauri kike ba. Mai tsadar ta fi saurin ɗuri, amma irinta mai cin wannan harsashi kunamarta tauri gare ta, yatsanki ma ya shaida. Ki nemi mai ɗan dogon baki, ta fi sauƙin saiti. Sabuwa za ki saya, ba ta hannu ba.

Ki sayi abin toshe kunne da tabarau na kariya. Rabin tsoronki ƙarar ce. Kada ki riƙa jan kunama ba komai a ciki, irin wannan bindiga lalacewa take. Kada kuma ƙanƙantar harsashin ta ruɗe ki, yana kisa, yana wuce mil guda. Bakinta kullum wajen tudun, yatsa nesa da kunama sai kin saita. In kin gama, a cire harsashi a kulle ta saboda jikoki. Ki fara da wanda ya iya a kusa da ke, da babban bokiti daga taku biyar. Sau biyu a mako ya isa.

Batun takarda: kada Lorene ta saya da sunanta. Laifi ne babba, zai jefa ku duka biyu cikin matsala, kuma ba a bukatarsa. Wanda bai iya rubutu ba, an yarda wani ya cike masa amsoshinsa, ban da mai shagon, sai mutum biyu su sa hannun shaida. Lorene ta fara kiran shagon ta tambaya, ku je da safe kafin jama'a. Ba ke ce ta farko ba. Shaidun kuwa, fasto da matarsa sun wadatar. Sai dai ki yi tunanin Royce da Wendell. Yaran da suka girma suna ganin uwarsu na manta tabarau kullum, ina zaton sun daɗe da sani, suna taya ubansu rufin asirin ne.

Ranar Godiya, in kin kuskure sau uku, ki wanke kwanukan kina dariya, matan yaran su huce. Amma furen nan, Mama, ki zana shi da hannunki. Allah ya ba ki sa'a, ya ƙara lafiya.

Hoyt