Farantin da Auta Ta Manta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari a ɗakin gwaji? Tun da wasiƙarki ta iso cewa ganyen gwabar bayan gidanmu ya kashe ƙwayoyin cuta, Baba bai zauna ba. Ya watsar da maganin asibiti, da ruwan ganyen yake wanke gyambon ƙafarsa safe da yamma. Duk wanda ya shigo shagonsa na kafinta sai ya karanta masa wasiƙar, har takardar ta fara yagewa. Kin fasa masa kai, yarinya!

Naki,
Yaya

Yaya,

Ina gaishe ku. Don Allah ka ƙwace ruwan nan daga hannun Baba yau ɗin nan. Kuskure na yi.

A cikin sifirit, irin na goge wurin allura, na jiƙa ganyen, na ɗiga a farantin da ƙwayoyin cuta suka yi yabanya, suka mutu kewaye da ɗigon. Murna ta sa na manta farantin da ake ɗiga sifirit zalla don a kwatanta. Makon nan na yi shi har sau uku. Da ganye da babu ganye, faɗin wurin da suka mutu ɗaya ne. Sifirit ne ya yi aikin. Ganyen yana hana man girki yin ɗoyi da wuri, wannan na tabbatar, amma ƙafar Baba ba kwalbar mai ba ce.

Farfesan da ke duba aikina ya ce in cire sabon farantin daga rahotona, tunda ya riga ya yi shelar sakamakon farko a taro. Na ce masa ba zan cire ba. Ya ce to in manta da kammalawa bana. Na ce Allah ya kai mu baɗi.

Ka kai Baba asibiti.

Auta

Auta,

Bayan gaisuwa. Kin san mahaifinki. Ya ce ɗiyarsa ba ta da harshe biyu, wasiƙar farkon ita ce taki, ta biyun tsoron likitoci ne ya rubuta ta. Babban yatsan ya yi baƙi, ɗakin ba ya shiguwa don wari, takalmi ma ya daina shiga.

Ga shawara. Ki rubuto ki ce ganyen yana aiki, sai dai yana son a haɗa shi da allura. Ya tsira da mutuncinsa a gaban abokai, mu kuma mu samu ya tafi asibiti. Ƙaryar da za ta ceci ƙafa ai ba ƙarya ba ce.

Yaya

Baba,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Yaya ya so in lallashe ka da ƙarya, na ƙi. In na ce ganyen yana aiki, ana sallamarka za ka koma kansa, maƙwabta su bi ka.

Ni na yi kuskuren, kuma kunyarsa tana cina. Ka ce da abokanka Auta ta yi gaggawa, su yi dariyarsu, ni za su yi wa. Ka yi fushi da ni iya son ranka, Baba, amma ka yi shi a gadon asibiti. Ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Ɗiyarka

Auta,

Yayanki ke rubutawa, ni ke faɗa. Taurin kan nan na san inda kika samo shi. Na je. Sun cire yatsu biyu, ƙafar ta tsira. Ban ce na huce ba.

Kada ki cire farantin nan ko Farfesan zai riƙe ki shekara goma. Ki zo ki ga ƙafar da idonki. Ita ma sakamakon gwajinki ce, ki sa ta a rahoton.

Mahaifinki