Takalmin Hagu na Fada Baltazar

Zuwa ga ƙanena Santiyagu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Kullum kuna cikin addu'ata, Uwa Maryamu ta tsare ku daga sanyin Kanada da ka ce yana shiga har ɓargo. Mu nan Manalturai lafiya lau, sai gwiwata da ta ƙi ni. Kifi ya yi ƙaranci bana, gidan kuma ya yi shiru, har nakan kama kaina ina auna shinkafar mutum biyu.

An yi bikin shahidinmu Fada Baltazar makon jiya. Zan tuna maka labarinsa, tunda ga alama ƙanƙara ta rufe maka shi. Ranar da sojojin sarki suka zo, kwalekwalen kakanmu na bakin ruwa, saura gurbin mutum ɗaya. Fada Baltazar baƙo ne da ya haye teku ya zo mana, da ya shiga ba mai ganin laifinsa. Sai ya sa wata tsohuwa a gurbin, ya tuɓe takalmansa ya miƙa wa kakanmu, ya ce inda za shi ba a bukatarsu, ya koma cikin mutanensa. A kan yashin nan aka sare shi. Tun daga lokacin, mutum biyu na gidanmu ke ɗaukar takalman duk shekara, kowa da ɗaya, ƙafa ba takalmi, daga bakin teku zuwa coci. Ka san ƙa'idar: mutum ɗaya ba ya ɗaukar biyun. Ranar da hannu ɗaya ya haɗa su, gidan ya ƙare ke nan, takalman sun zama na coci.

Tun tafiyarka ɗan baffanmu Innasi ke riƙe na hagu a madadinka. To, Innasi mun binne shi cikin azumi, ka ma yi ta'aziyya ta waya. Na sa rai za ka zo. Har safiyar bikin ina leƙen motar birni, Jebamalai mai busasshen kifi tana yi mini tsiya, tana kirana Akka, wato yaya, kamar yadda kake kirana, wai in ƙanen nawa nake jira in nemi kujera, wanda ya saba da ruwan zafi a famfo ai ya bar wanka a rijiya. Na ce ta ji da ƙudajen kifinta. Amma gaskiya maganar ta soke ni.

Fadan cocinmu mutumin kirki ne. Ya same ni a hankali ya ce in ɗauki biyun kawai, Allah ya ga zuciyata, bayan biki a kai su gidan Bishof a sa cikin gilashi inda gara ba za ta ci su ba. Gilashi fa, Santiyagu! Takalman da mahaifiyarmu take shafa wa man kwakwa da hannunta. Na ce ya yi haƙuri, gidanmu bai ƙare ba, ina da ƙane, nisa kawai ya yi. Na ɗauki na dama ni kaɗai. Yashi na ƙona ƙafata, ana buga ƙararrawa, ana waƙa, gefena na hagu ba kowa. Jama'a ma da kansu suka bar gurbin, ba wanda ya shiga har ƙofar coci. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba, ko da na binne mijina. Da na ajiye takalmin a kan dutsen da ake ajiye su a coci ya zauna tilo, kamar wanda ruwa ya jefo bakin gaɓa, kuka na yi ban ɓoye ba.

Dattawan coci sun ba ni zuwa baɗi. In ba mutum na biyu, za su karɓe su ko ina so ko ba na so. Na zauna na tuna Fada Baltazar. Shi hanyar tsira aka buɗe masa ya ƙi, ni kuwa me nake tsoro? Ga abin da na yi, kuma ba shawara nake nema ba. Lurdusami, surukin Jebamalai, zai koma aikinsa a Toronto, shi zai miƙa maka wannan takarda tare da ƙunshi cikin tsohon zanen mahaifiyarmu. Na hagun ne a ciki. Na san in ba ka dawo da shi ba, ni na raba su har abada, kuma garin nan ba zai yafe mini ba. Na yarda. Yanzu dai ba mai iya tilasta mini in ɗauki biyu.

Ka gaida matarka Selvamari, da 'ya'yanka, Arulraj da ƙaramar Rejina da ban taɓa ɗauka ba. Matar Innasi na gaishe ka. Takalmin ka riƙa shafa masa man kwakwa, kada ɗumin gidanku ya busar da fatar. Ka kuma fara taka ƙasa da tafin ƙafarka tun yanzu, domin yashin bai rage zafi ba tun tafiyarka.

Ni ce Akkarka mai jiranka a gefen dama,
Viyagulam